CIWON MAKARANTUNMU: IDAN KAI YA KWANTA, JIKI MA YA KWANTA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (T), wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S), malamin farko na wannan al'umma, da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Kwanakin baya na kama hanyar Gafasa da ke ƙaramar hukumar Ajingi don ziyarar wasu 'yan uwa. A kan hanya na ratsa ta wani ƙauye, na tsaya a bakin wata makarantar firamare, wadda ba zan ambaci sunanta ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Ranar Talata ce, hantsi ya dubi ludayi, amma yara suna ta guje-guje a fili kamar an tashi tara. Malami guda na tarar, bawan Allah, yana kai da kawowa tsakanin azuzuwa uku, in ya shiga wannan wancan ya hargitse. Na tambayi hedimasta, aka ce ya tafi sakatariya. Na tambayi sauran malamai, yaran suka dubi juna suka yi shiru.

Sai na kira wani yaro ɗan aji biyar, na rubuta masa gajeriyar jimla da Hausa a ƙasa, na ce ya karanta. Wallahi 'yan uwa, yaron nan ya ƙura wa rubutun ido har na ji kunya ta kama ni, bai iya fitar da kalma ko guda ba. Abin mamaki, da na tambaye shi inda yake a allo, nan take fuskarsa ta washe, ya gaya mini surar da yake, ya kuma biya mini ita tiryan-tiryan ba gargada. To ina tambayar ka ya kai ɗan uwa mai karatu: yaro guda, ƙwaƙwalwa guda, gida guda, talauci guda, me ya sa ya iya a can ya kasa a nan? Amsar wannan tambaya ita ce dalilin wannan rubutu.

ABIN DA MASU MULKI SUKA FAƊA DA BAKINSU

Kada wani ya ce ƙari muke yi. A watan Yuni na 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, cewa akwai makarantu wajen 400 da malami guda ne kacal ke riƙe da kowacce, cewa kuma cikin azuzuwa 42,516 kashi 22 cikin 100 ne kawai suka cancanci a zauna cikinsu. Wannan shaida ce ta mai ɗaki, shi kuwa ya san inda ke masa yoyo.

Alƙawura kuwa ba yau aka fara ba. A 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, aka kwarara yara cikin makarantu alhali ba a tanadi isassun malamai ba, sai aka shiga horon gaggawa, duk wanda ya iya riƙe alli aka miƙa masa aji. A 1999 aka sake ƙaddamar da wani a Sakkwato mai suna UBE, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatun shekara tara kyauta kuma dole, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki. A 2019 gwamnatin Kano ta wancan lokaci ta shelanta nata ilimin kyauta kuma dole. Shekara kusan hamsin ke nan ana shela, ana yanka zare, ana shafa fenti, amma ɗan aji biyar a ƙasar Ajingi bai iya karanta jimla da harshen uwarsa ba. Lalle ruwa ba ya tsami banza.

Dalili shi ne, masu mulki sun fi son abin da za a gani daga bakin titi, wato gini da katanga da allon kwangila mai ɗauke da sunan wane. Ba mu ce gini ba shi da amfani ba. Yaron da ruwan sama ke dukansa a aji an zalunce shi, kuma wanda ya ci kuɗin rufin zai amsa tambaya gobe ƙiyama. Amma gini ba ya koyar da kowa. Abin da ke koyarwa mutum biyu ne: shugaban da ke riƙe da makaranta, da malamin da ke tsaye gaban yara. Su ne kuwa aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

DARASI DAGA TSANGAYA

Mu koma ga yaron nan. Makarantar allon da yake zuwa ba ta da benci, ba ta da rufin kwano, ba ta da kasafin kuɗi. Amma tana da abu uku. Na farko, malam yana nan. Da asuba yana nan, da yamma yana nan, ba a taɓa cewa ya tafi sakatariya. Na biyu, malam ya san inda kowane yaro yake. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wancan kuma ya fara hadda, kowa da allonsa. Na uku, ba a wanke allo sai an iya. Yaro zai zo ya biya, in ya yi gargada a mai da shi, ko da kuwa zai kwana bakwai a kan layi guda. Da wannan tsari ne ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana fitar da alarammomi da gwanaye masu rubuta Alƙur'ani da ka.

Yanzu dubi makarantar boko ta ƙauye. Yaro zai shiga aji ɗaya, shekara ta zagayo a tura shi aji biyu, ya iya ko bai iya ba, haka har aji shida. Malami yana bin manhaja, yana cika allo da rubutun Turanci, yara suna kwafa kamar masu zanen hula, ba su san abin da suke zanawa ba. Wato ana wanke musu allo kullum alhali ba su biya ba. Ranar jarrabawa kuma sai a rubuta musu amsa a allo don kada makaranta ta ji kunya. Wannan ha'inci ne, kuma Musulunci bai bambanta mai tauye mudu a kasuwa da mai tauye darasi a aji ba.

Abin da zai ba ka mamaki ya kai ɗan uwa, daga 2019 an gwada wani shiri mai suna KaLMA a nan maƙwabtanmu Wudil da kuma Dawakin Tofa, da haɗin gwiwar hukumar SUBEB da wasu ƙungiyoyin waje. Asalin dabarar daga ƙasar Indiya aka ɗauko ta. Mece ce dabarar? A gwada 'yan aji huɗu zuwa shida ɗaya bayan ɗaya, a raba su gwargwadon abin da suka iya: waɗanda ba su san baƙi ba wuri guda, masu haɗa kalma wuri guda, masu karanta jimla wuri guda, a koya wa kowa daga inda ya tsaya, da Hausa, har sai ya iya sannan ya matsa gaba. Subhanallah! Ashe abin da alaramma ke yi a zaure tun zamanin kakanni shi aka ƙetare teku aka ɗauko mana. Kayanmu ne muka raina, sai da baƙo ya yaba muka waiwaya.

SHUGABA

Makaranta kamar sahun salla take, in liman ya karkace, mamu ba su da yadda za su miƙe. Duk makarantar da ka ga tana tafiya daidai, bincika, za ka tarar da hedimasta wanda ke riga kowa zuwa. Shi ke tsayawa a bakin ƙofa ya ga wanda ya makara. Shi ke riƙe rajistar malamai, ba ya yarda wani ya sa wa wani hannu. Yana shiga aji ya zauna a baya ya saurari darasi, in an tashi ya kira malami gefe ya gyara masa cikin mutunci. Ya san yaran da suka daina zuwa, yakan taka har gidan mai unguwa ko wurin liman ya tambayi dalili. In an kawo littattafai yakan raba wa yara, ba ya kulle su a ofis gara ta cinye don tsoron ranar da za a zo ƙirga. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kwangila. Tsoron Allah kawai suke bukata da sanin aiki.

To amma yaya ake naɗa hedimasta a yau? Sau da yawa ba a duba wanda ya fi iya koyarwa ko riƙon jama'a. Ana duba wanda ya fi daɗewa, ko wanda ke da uwa a gindin murhu. Wanda kuwa ɗan siyasa ya ɗora, ba zai iya tsawata wa malamin da shi ma ɗan siyasa ya kawo ba. Haka za ka ga sunan malami a takarda yana ƙauye, gangar jikinsa tana birni, ba a ganinsa sai ƙarshen wata. Masu duba makarantu kuma, waɗanda a da jin ƙarar babur ɗinsu kaɗai ke sa kowa ya shiga taitayinsa, yau in sun zo a ofis suke tsayawa, a gaisa, a sa hannu, a rabu lafiya.

Magabatanmu ba su ɗauki shugabanci da wasa haka ba. A nan Kano Shehu Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban masu mulki. A nan Kano kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkam, bayan mutanen gari sun roƙe shi ya bayyana musu yadda ake tafiyar da al'amari bisa shari'a. Hadisin kiwo da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar bai keɓe sarakuna ba, ya haɗa duk wanda aka danƙa wa wani abu a hannu. Hedimasta mai yara ɗari biyar makiyayi ne, kuma za a tambaye shi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan ana son hujja ta zamani, ga ta kusa. A 1977 jihar Kano ta ga ba ta da 'ya'yanta likitoci da injiniyoyi, sai aka ɗauki makarantu biyu, ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, aka mai da su makarantun kimiyya, aka kafa musu hukuma ta musamman mai ikon zaɓen shugabanni da malamai, aka ce ɗalibi ba zai shiga ba sai ya ci jarrabawa, ɗan sarki ne ko ɗan talaka. Cikin 'yan shekaru 'ya'yan manoma daga ƙauyuka suka cika tsangayoyin likitanci da injiniyanci a jami'o'i, kuma har yau manyan likitocin Kano da Jigawa da yawa can suka fito. Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke nan Gaya daga wannan tsatson take. Ba a sauko da yaran daga sama ba, irin ƙannenmu ne. An dai ba aikin ga masu shi, aka kuma bar su suka yi.

MALAMI

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. An yi ta gardama a kan korar da ta biyo baya, amma tambayar da ta fi dacewa ita ce: wa ya ɗauke su aiki tun farko? Wa ya ba su takardar shaida? Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Da can akwai kwalejojin horon malamai, irin ta Wudil, inda yaro ke shafe shekaru ana koya masa yadda ake tsayawa gaban aji, yadda ake rubutu a allo, yadda ake shirya darasi tun daren jiya. Aka rushe wannan tsari aka ce sai mai takardar NCE. Takarda ta yawaita, iyawa ta ragu, domin aikin koyarwa ya zama matattarar wanda ya nema ko'ina bai samu ba.

Sai dai adalci ya wajaba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda ƙarin girmansa ke makalewa shekara da shekaru, wanda aka tura ƙauye ba ɗakin kwana, kuɗin mota kuma ya cinye rabin abin da yake samu, an zalunce shi, kuma wajibi ne mu tsaya masa. Mu kanmu jama'a mun taya. Mu ne muke tashi tsaye in ɗan siyasa ya shigo, mu bar malami a tsugune. Mu ne muke hana shi auren 'yarmu mu ce ba shi da abin hannu. Al'ummar da ta wulaƙanta malaminta kuwa ta sayi jahilci da kuɗinta.

Amma ya kai ɗan uwa malami, zaluncin da aka yi maka bai halatta maka ka zalunci ɗan talaka ba. Yaron nan ba shi ya riƙe maka albashi ba. Ka karɓi aiki bisa sharaɗin awoyi sanannu, duk awar da ka ci kuɗinta ba ka yi ta ba, ka san abin da ka kai gidanka. Kada mu riƙa zagin azzalumai a kan mumbari ranar Juma'a, ranar Litinin kuma mu zama su a cikin aji.

SHUBUHA GUDA BIYU

Wani ɗan uwa zai ce: mu ina ruwanmu da makarantar boko, ba 'yan mulkin mallaka suka kawo ta ba? Gaskiya ne, tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909 Turawa ba don Allah suka kawo ta ba, ma'aikata suke nema. Amma yau 'ya'yan wa ke cikinta? Ƙannenka ne da 'ya'yan yayyenka. Masu mulki sun daɗe da kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi. Sannan ka tuna bayan yaƙin Badar, a shekara ta biyu bayan hijira, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa, Manzon Allah (S) ya sanya fansarsu ita ce kowanne ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Mushirikai ne fa, jiya-jiya suka zare wa Musulmi takobi, amma aka zaunar da 'ya'yan Musulmi gabansu don su iya rubutu. Ya kuma umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don kada a ha'ince shi a wasiƙa. Wanda bai iya karatu da lissafi ba, ko wannan jarida da ke hannunka sai an karanta masa, kuma kowane maƙaryaci zai iya jan sa ta hanci.

Wani kuma zai ce: ai wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu daina tuhumarta ba. Amma wanda gobara ta kama gidansa ba ya naɗe hannu ya ce sai motar kashe gobara ta zo daga birni. Shehu Usmanu bai jira Sarkin Gobir ya buɗe makaranta ba, ya zauna a Ɗegel ya karantar. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu, ba da kasafin kowa ba.

ABIN YI

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi, ya ku matasan Gafasa da Toranke da Balare da Chula da Kunkurawa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya.

Na farko, yau ɗin nan in ka koma gida daga masallaci, kira ƙaninka ko ƙanwarka, ka rubuta jimla guda da Hausa da lissafi guda na ragewa, ka ce su yi. Kada ka tambaye su aji nawa suke, ka ga abin da suka iya da idonka.

Na biyu, kowace makarantar gwamnati ana son ta kasance da kwamitin jama'ar gari mai sa ido a kanta, wanda ake kira SBMC, kuma akwai gurbin matasa a ciki. A wurare da yawa sunan kawai ke nan. Ku nemi hedimasta da dagaci da liman cikin ladabi, ku tambayi su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suka zauna, ku nemi a raya shi. Ku riƙa leƙawa makaranta bi da bi. Malamin da ya san idon gari na kansa ba zai yi fashi ba. In magana ta ƙi gyaruwa, ku rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da kwanan wata da hujja, ba zagi ba ƙazafi.

Na uku, duk wanda Allah ya ba shi sakandare ko NCE ko digiri yana zaune ba aiki, ya ɗauki yara goma na unguwarsu, adadin fursunan Badar, ya ba su awa guda kullum bayan la'asar. Ya raba su gwargwadon iyawarsu, kada ya wanke wa kowa allo sai ya biya. In an yi haka daga girbi zuwa faɗuwar damina, gari da kansa zai ba da labari.

Na huɗu, mu gyara namu. Islamiyyun da muke gudanarwa da hannunmu, shin malamai na zuwa a kan lokaci? Shin shugaba don cancanta aka ɗora shi ko don ya fi kowa kusa da malam? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya kasa tafiyar da makaranta mai aji huɗu bisa adalci, da wane baki zai ce a ba shi ƙasa?

Na biyar, ku girmama malamin kirki. Hedimastan da ke tsaye a kan aikinsa ku ambace shi da alheri a masallaci, ku taya shi gyaran rufi da aikin gayya, ku samar wa baƙon malami ɗakin kwana a gari. Masu ƙwazo a cikinku kuma su shiga aikin koyarwa da niyyar ibada.

Tarihi ya nuna maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka taso, shi ya sa ake ce musu Abagayawa. Ƙasar da ta ba Kano maƙeran ƙarfe ba ta rasa masu ƙera mutane ba. Ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da na gani a ƙauyen nan saura masa shekara guda ya fita firamare.

Allah (T) ya ba mu shugabanni masu tsoronsa da malamai masu riƙon amana, ya shirya mana zuriyarmu, ya sa abin da muka sani ya zama hujja gare mu ranar da dukiya da 'ya'ya ba sa amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.